Yo-yo da Danƙon Silikon: Darasin Gogayya Daga Abin Wasan Yara

Gabatarwa

A bisa al'ada, duk abin da aka saki daga hannu ƙasa yake nufa, kuma can yake zama sai an ɗauko shi. Amma akwai wani ɗan abin wasa mai suna yo-yo, wanda ake wurgawa ƙasa a bakin zare, ya tsaya can yana juyi, sa'an nan ya naɗe zarensa da kansa ya hauro har tafin hannun mai shi. Ba inji a cikinsa, ba kuma maganaɗisu. Abin da ke dawo da shi shi ne gogayya, wato turjiyar da ke faruwa idan jikin wani abu ya goga jikin wani.

Masu wasan yo-yo na zamani sun daɗe suna muhawara a kan wata 'yar tambaya: me ya fi dacewa a sa a cikin yo-yo don ya kama zare? Wasu na manna zoben roba da kamfani ya yanka. Wasu kuwa na zuba danƙon silikon, irin wanda makanikai ke shafawa a bakin injin babur da na ban ruwa, kuma masu haɗa tagar alminiyam ke liƙe gilashi da shi. Ga ɗalibin sakandare a Kamarawa, ko Isa, ko Sabon Birni, wannan tambaya ta wuce maganar wasa. Amsarta na ƙunshe da darussa biyu da ke cikin manhajar WAEC da NECO, wato gogayya a Fiziks da dogayen sinadarai a Kemistiri. Haka kuma tana bayyana dalilin da ya sa gugar roba ke tsattsagewa a rana, da dalilin da ya sa danƙon da aka shafa da hunturu ke jinkirin kamewa.

Taƙaitaccen tarihin yo-yo

Yo-yo tsohon abin wasa ne. An sami wani kwanon yumɓu na ƙasar Girka da aka yi wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗauke da zanen yaro yana riƙe da abu mai kama da shi. A ƙarshen ƙarni na 18 manyan mutanen Faransa sun yi yayinsa, sa'an nan a 1866 wasu mutum biyu, James Haven da Charles Hettrich, suka yi rajistar irin nasu a Amurka. Duk waɗannan zarensu a ɗaure yake tamau a jikin sandar tsakiya, saboda haka da zarar sun kai ƙasa sai su juyo sama nan take.

A 1928 wani mutumin ƙasar Filifin mai suna Pedro Flores ya buɗe masana'antar yo-yo a Santa Barbara ta jihar Kalifoniya. Irin nasa ba a ɗaure zaren, zarge shi ake yi a wuyan sandar, ta yadda sandar za ta iya juyawa a cikin zargen. Da wannan dabara yo-yo ya sami damar tsayawa a ƙarshen zare yana ta juyi ba tare da ya hauro ba, abin da masu wasan ke kira barci. Ba da daɗewa ba Donald Duncan ya sayi kamfanin ya baza abin a duniya, har aka yi gasar duniya ta farko a Landan a 1932.

Wani abin sha'awa ya faru a watan Afrilu na 1985, lokacin da aka tafi da yo-yo sararin samaniya cikin kumbon Discovery. A can yo-yo ya ƙi barci, domin babu nauyin da zai riƙe shi a ƙarshen zare. Yana kaiwa sai ya yi tsalle ya naɗe zaren ya dawo. A 1990 kuma wani likitan haƙori na San Faransisko, Tom Kuhn, ya fito da yo-yo na alminiyam mai boris a tsakiya, wato zoben nan mai 'yan ƙwallayen ƙarfe irin na cibiyar ƙafar keke. Boris ya rage gogayya ƙwarai, barci ya tsawaita daga 'yan daƙiƙoƙi zuwa mintoci. To amma an yi maganin wata matsala an haifi wata: idan tsakiyar ta yi santsi haka, me zai kama zare a lokacin da ake son yo-yo ya dawo?

Gogayya: a rage ta nan, a ƙara ta can

Tsofaffin mata masu kaɗi a ƙasar Gobir sun san amsar wannan tambaya tun kafin a ƙera boris, ko da yake sana'ar tasu ta ja baya a yanzu. Mai kaɗi takan ɗora tsinin mazari a kan wuri mai santsi don ya daɗe yana juyi, amma kuma takan dangwali alli ta shafa a yatsunta don kada mazarin ya zame idan ta murza shi. Ke nan a kayan aiki guda ta rage gogayya a ƙasa, ta ƙara ta a sama. Gululun da ke jikin mazarin kuwa shi ke ajiye ƙarfin juyin, kamar yadda nauyin gefen yo-yo ke yi. Yaron da ke murza koɗi ma wuri mai tauri da santsi yake nema, ba cikin rairayi ba.

Masana sun daɗe da tsara ƙa'idojin gogayya. Leonardo da Vinci ya rubuta su a littafin ajiyarsa a ƙarshen ƙarni na 15, Guillaume Amontons na Faransa ya sake gano su a 1699, sa'an nan Charles Coulomb ya faɗaɗa su a shekarun 1780. Babbar ƙa'idar ita ce: ƙarfin gogayya na ƙaruwa daidai gwargwadon ƙarfin da ke danna abubuwan biyu a kan juna. Idan aka raba ƙarfin gogayya da ƙarfin dannawa, sai a sami wani adadi da ake kira ma'aunin gogayya. Abu mai santsi adadinsa ƙarami ne, mai kamu kuwa babba. A guringuntsin gaɓoɓin ɗan Adam, inda wani ruwa mai yauƙi ke shafe mahaɗar ƙasusuwa, adadin yakan sauka zuwa wajen 0.01. Tsakanin tayar roba da busasshiyar kwalta kuwa yakan kusanci 1.

Akwai wata ƙa'ida kuma da ta shafi igiya, wadda Leonhard Euler na ƙasar Suwizalan ya yi lissafinta a ƙarni na 18. Kowane makiyayi ya san ta a aikace: idan sa ya fizge, ba a ja-in-ja da shi, sai a yi maza a naɗa igiyar a jikin turke ko itace. Kowane zagaye na ninka riƙon wanda ya gabace shi. Misali, idan ma'aunin gogayya tsakanin igiya da itace 0.3 ne, zagaye ɗaya zai ninka ƙarfin hannun mutum kusan sau 6 da rabi, zagaye biyu sau 43, zagaye uku kuwa wajen sau 285. Idan aka ninka ma'aunin ya zama 0.6, zagaye ɗaya tak zai yi aikin biyu. Wannan ne ya sa irin abin da zare ke gogawa yake da muhimmanci sosai.

Daga ina yo-yo ke samun ƙarfin hawa? A ƙaddara yo-yo mai nauyin giram 65, wanda yawancin nauyinsa ke nisan santimita 2 daga tsakiya, yana juyi sau 6,000 a minti, wato sau 100 a daƙiƙa. Lissafi ya nuna makamashin da ke cikin juyinsa ya kai wajen jul 5. Abin da yake bukata don ya hau tsawon mita ɗaya kuwa bai wuce jul 0.65 ba. Ashe ƙarfi ya ishe shi har da rara. Abin da ya rage shi ne a sami abin da zai haɗa wannan juyi da zare a daidai lokacin da ake so.

Makamar zare

Yo-yo ɓari biyu ne da sanda ta haɗa, da 'yar rata ta milimita 4 zuwa 5 a tsakaninsu inda zare ke shiga. A fuskar ciki ta kowane ɓari, kewaye da boris, akwai wurin da aka tanada don ya cafki zare. Shi za a kira makamar zare. A tsofaffin yo-yo na katako, kaushin katakon ne makamar. A na robar leda an riƙa yin 'yan tsage-tsage masu kama da hasken tauraro. Daga baya aka koma ga takarda mai kaushi da ake mannawa, da zoben roba kewayayye, har aka zo ga abin da ya fi yawa a yau: wani siririn gurbi da aka sassaƙa kewaye da boris, wanda faɗin da'irarsa daga baki zuwa baki ya fi yawan zama milimita 19, a cike shi da abu mai laushi da kamu.

Yo-yo iri biyu ne ta fuskar dawowa. Akwai mai jin kira, wanda da an ɗan fizgi zare sai zaren ya saki, ya lanƙwashe cikin rata, makama ta cafke shi. Akwai kuma mara jin kira, wanda ya yaɗu a shekarun 2000, wanda ko an fizga ba ya dawowa. Sai mai wasa ya tura lanƙwasar zare cikin ratar da gangan, zaren ya ninku, ya cika wurin, ya dannu a jikin makama ta hagu da ta dama. Daga nan ƙa'idar Amontons ta soma aiki, domin dannawa ta ƙaru. Da zagayen farko ya kama kuma, ƙa'idar Euler ta karɓa, kowane zagaye na ƙarfafa na bayansa, cikin ƙiftawar ido yo-yo ya hauro.

Sharaɗin makama mai kyau biyu ne masu karo da juna. Dole ta kama zare tamau idan an danna shi, dole kuma kada ta taɓa shi idan yo-yo na barci. In ta yi tudu, sai ta riƙa shafar zare tana cinye juyi, wani lokaci ma ta cafke shi ba shiri yo-yo ya daki hannun mai shi. In ta yi zurfi ko ta goge, sai zare ya yi ta zamewa. Bambancin tudu da zurfin nan bai kai rabin milimita ba.

Mene ne danƙon silikon?

Ya kamata a bambance abu biyu masu suna kusan ɗaya, waɗanda a Turance harafi guda ne ya raba su. Na farko shi ne silikon, sinadari na 14 a jadawalin sinadarai, wanda Jöns Jacob Berzelius na Suwidin ya ware a 1824. Bayan oksijin, babu sinadarin da ya kai shi yawa a ɓawon ƙasa, domin ya kai wajen kashi 28 cikin 100 na nauyinsa. Yashin gulbin Rima galibinsa silikon ne haɗe da oksijin, haɗin da ake kira silika. Tsirrai dangin ciyawa, irin su gero da dawa da shinkafa, suna zuƙo silika daga ƙasa su jibge ta a ganye da ɓawo don kare kansu daga ƙwari. Ita ke ba su kaushin nan, kuma ita ce mafi yawan abin da ke cikin tokar ɓuntun shinkafa.

Na biyu shi ne danƙon silikon, wanda ɗan Adam ya haɗa a masana'anta. Frederic Kipping na Nottingham a Ingila ya share shekaru yana binciken dangin wannan sinadari, shi ne ma ya raɗa masa suna a farkon ƙarni na 20. A 1940 Eugene Rochow na kamfanin General Electric ya gano hanya mai sauƙi ta haɗa shi da yawa, kuma a 1943 aka kafa kamfanin Dow Corning don sarrafa shi, lokacin da jiragen saman Yaƙin Duniya na Biyu ke bukatar abin da zai jure zafi da sanyi.

Don a gane fifikonsa, sai a kwatanta shi da roba ta asali. Roba farin ruwa ce da ake tatsa daga itacen Hevea brasiliensis, ɗan asalin dajin Amazon, wanda ake nomawa a jihohin Edo da Delta, har akwai cibiyar bincikensa a Iyanomo kusa da Benin. Irin wannan farin ruwa ne tumfafiya da gamji ke fitarwa idan an ji musu rauni. A cikin ruwan akwai dogayen sarƙoƙi na ƙwayoyin zarra na kabon. A 1839 Charles Goodyear ya gano cewa idan aka dafa roba da farar wuta, sarƙoƙin na ɗinkewa da juna, robar ta daina narkewa da zafi. Sai dai akwai rauni a jikin sarƙar: jefi-jefi akwai wuraren da kabon biyu suka haɗu da ɗauri biyu, kuma nan ne oksijin da iskar ozon ke kai hari, hasken rana na taimaka musu. Sarƙa ta tsinke, roba ta bushe ta tsattsage. Abin da ke kashe gugar roba da danƙon harbi ke nan.

Sarƙar danƙon silikon kuwa ba ta kabon ba ce. Silikon ne da oksijin ke bin juna bi da bi, kamar a yashi, sai dai kowane silikon na rataye da 'yan gungu biyu na kabon da haidurojin. Ɗaurin silikon da oksijin ya fi na kabon da kabon ƙarfi, wajen kilojul 450 a kowane mol idan aka kwatanta da wajen 350, kuma ba shi da raunin nan na ɗauri biyu. Shi ya sa danƙon yakan jure daga sanyin digiri 50 ƙasa da sifiri har zuwa zafin digiri 200 a ma'aunin Selshiyas, jan da makanikai ke amfani da shi ma ya fi haka. Bugu da ƙari sarƙar tana lanƙwasuwa cikin sauƙi, saboda haka danƙon na da laushi. Idan zare ya dannu a kansa sai ya lotsa, ya rungumi kowane silin zaren, wurin haɗuwarsu ya faɗaɗa, kamu ya ƙaru.

Zoben kamfani ko danƙon zubawa?

Yawancin zobban da kamfanoni ke yankawa a yau su ma da danƙon silikon ake yin su. Saboda haka bambancin ya fi karkata ga yadda ake sa su. Zoben kamfani na zuwa da gam a bayansa, a ɓare takarda a manna, a ci gaba da wasa nan take. Kaurinsa daidai yake ko'ina, ɓari biyun kuma ba sa saɓawa. Amma dole a sami wanda ya dace da gurbin wannan yo-yo ɗin, ga shi ba kaya ne da aka saba gani a kasuwannin wannan yanki ba. Sa'an nan gam ɗin bayansa yakan yi laushi da zafi, alhali daga Maris zuwa Mayu zafin rana a gabashin jihar Sakkwato yakan haura digiri 40.

Danƙon zubawa kuwa ruwa-ruwa yake shiga, ya bi kowane lungu na gurbi ko yaya faɗinsa yake, ya kama jikin ƙarfen da kansa ba tare da wani gam a tsakani ba. Mai zubawa ne ke zaɓar zurfin da yake so. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan gyaran babur da na gini, kuma kwanso guda zai cika gurabu masu yawa. Aibinsa shi ne yana bukatar haƙuri da nutsuwar hannu. Idan kumfar iska ta maƙale a ciki, ko gurbin na da maiƙo, zai ɓamɓare. Ba ya kuma amfani a yo-yo mara gurbi, irin na robar leda mai walƙiya da ake sayar wa yara, domin zare zai kankare shi nan da nan.

Danƙo da yanayin ƙasar Gobir

Mutane da yawa na zaton danƙon silikon bushewa yake yi kamar laka, wato ruwa ya fita ya bar shi da tauri. Akasin haka ne. Danshin iska yake sha kafin ya kame. A cikin kwanso sarƙoƙin a warwatse suke, bakin kowace a toshe. Da ya fito, sai ƙwayoyin ruwa na cikin iska su cire abin toshiyar, sarƙoƙin su ɗinke da juna su zama raga. A irin da aka fi sani, abin da ke fita asid ɗin asetik ne, shi ne warin tsamin nan mai hawa hanci. Akwai kuma irin da ba ya fitar da asid, wanda ya fi dacewa da ƙarfen da ke tsatsa da kayan lantarki.

Kamewar daga waje take farawa ta nufi ciki. A matsakaicin zafi da danshin kashi 50 cikin 100, fatar sama kan kame cikin mintoci kaɗan, amma cikin ba ya wuce milimita 2 zuwa 3 a kwana guda. To, da hunturu danshin iska a wannan yanki sau da yawa yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ke nan a lokacin da wanki ke bushewa cikin sa'a guda, a lokacin ne danƙon silikon ke nawa, ga kuma ƙurar da ke sauka a kansa ta lalata fuskarsa. Da damina kuwa, wanki na jinkiri, danƙo na sauri. Wannan sani na da amfani ga mai noman rani a fadamar Rima. Idan aka gyara masa injin ban ruwa da jan danƙo a watan Janairu aka tayar da injin kafin cikin ya kame, mai zai iya tsiyaya, guntayen danƙon kuma su shiga su toshe hanyar mai. Gaggawa, in ji masu iya magana, aikin shaiɗan ce.

Yadda ake zuba shi

Da farko a kwance yo-yo, a cire boris da sanda a ajiye su nesa, domin ɗigon danƙo ɗaya ya isa ya kashe boris, asid ɗin kuma na jawo tsatsa. A ciro tsohon zobe da tsinken sakace, ba da allura ko reza ba don kada a karce ƙarfen. A goge gurbin da auduga da sifirit har maiƙo ya fita, a bari ya bushe. Sa'an nan a matsa danƙon a hankali, bakin kwanson na taɓa ƙasan gurbi, a zagaya sau ɗaya ba tsayawa don kada iska ta shiga. A share rarar da gefen tsohon katin waya, ko da bayan ƙaramin cokali idan ana son ya ɗan lotsa ƙasa da bakin gurbi. A ajiye ɓarin biyu a kwance na sa'a 24. Idan hunturu ne, a kife su da kwano tare da jiƙaƙƙen tsumma a gefe wanda ba ya taɓa su, a kuma ƙara musu lokaci.

Akwai gargaɗi huɗu. A yi aikin a wuri mai iska, a kiyaye ido. A karanta jikin kwanso, domin akwai danƙon akirilik mai kama da shi wanda ba silikon ba ne, yana ƙanƙancewa idan ya bushe. Irin wanda aka yi don banɗaki yana ɗauke da maganin kashe funfuna, saboda haka kada a liƙe randa, ko tulu, ko mazubin abinci da shi. A ƙarshe, wanda ya kame ba ya ruɓewa da wuri, kada a yar da shi inda awaki da kaji ke kiwo.

Gwaje-gwaje don aji

Malami na iya koyar da duk abin da aka ambata ko da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaji, ko da kuma babu yo-yo ko ɗaya a garin.

Na ɗaya, ma'aunin gogayya. A sami 'yan katakai uku masu girma ɗaya. A bar ɗaya haka nan, a manna wa na biyu guntun tub ɗin taya, a shafa wa na uku danƙon silikon ya kame. A ɗora kowanne a kan allo, a riƙa ɗaga gefe ɗaya sannu a hankali har ya soma zamewa. A auna tsayin da aka ɗaga, a raba shi da tsawon da allon ya mamaye a ƙasa. Amsar ita ce ma'aunin gogayya. Sai a barbaɗa ƙura a sake, a ga yadda adadin zai sauya.

Na biyu, ƙa'idar igiya. A ɗaura bokiti mai yashi a igiya, a rataya a reshe ko sandar ƙarfe. Ɗalibi ya riƙe ɗaya bakin, da farko igiyar na rataye kawai, sa'an nan da zagaye ɗaya, sa'an nan biyu. In akwai sikelin rataye, a rubuta adadin kowane mataki.

Na uku, danshi. A matsa ɗigo biyu masu girma ɗaya a kan leda. A sa ɗaya cikin kwalba mai murfi tare da jiƙaƙƙiyar auduga, ɗayan cikin kwalba tare da busasshen gawayi ko shinkafar da aka shanya sosai. Bayan sa'a 12 a yanka su a gwada kaurin fatar da ta kame.

Na huɗu, rana. A ɗaure zaren roba irin na ɗaure kuɗi a miƙe a jikin allo, kusa da shi a sa siririn danƙon silikon, a bar su a kan rufi. Ɗalibai su riƙa dubawa kowane mako suna rubuta abin da suka gani har ƙarshen zango.

Kammalawa

A taƙaice, yo-yo na barci ne saboda an rage gogayya a tsakiyarsa, yana dawowa kuma saboda an tanadi gogayya a gefen tsakiyar. Zoben kamfani ya fi sauri da daidaito ga wanda zai iya samunsa. Danƙon zubawa ya fi sauƙin samu a garuruwa irin su Isa da Sabon Birni, ya fi jure zafi tunda ba gam a ƙarƙashinsa, amma sai an ba shi tsabta da danshi da lokaci. Ɗalibin da ya fahimci dalilan nan zai iya bayyana aikin allin mai kaɗi, da birkin keke, da igiyar turke, da gyaran injin ban ruwa, domin ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da su duka. Ana fatan malamai za su jarraba gwaje-gwajen nan huɗu da ɗalibansu, ɗaya da hunturu ɗaya da damina inda ya yiwu, su kwatanta sakamakon.